Yadda mai jego za ta fita daga ciwon damuwa da fargaba bayan haihuwa

Ranar allurar riga-kafi ta mako shida ce ranar da na fi gano wannan ciwo a wurin aikina. Mata sun cika benci, kowace da jaririnta a cinya, hira ta kaure. Wata rana na hango wata yarinya a gefe, ba za ta wuce shekara 19 ba, haihuwar fari, surukarta ce ke riƙe da jaririn. Bayan an yi masa allura na ce ta karɓe shi ta ba shi nono ya yi shiru. Ta karɓa ta sa masa, amma idonta na kan bango. Surukar ta yi murmushi ta ce, "Kunyar ɗan fari ce, Sista." Na san kunyar ɗan fari sarai: mai kunya tana satar kallon ɗanta idan ta ga hankalin mutane ya tafi wani wuri. Wannan ko sau ɗaya ba ta saci kallonsa ba. Da na ja ta ɗaki mu biyu na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barci?" sai hawaye kawai.

Na yi shekaru ina karɓar haihuwa da duba masu jego, kuma irin wannan yarinya na gan ta ba adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Wato a cikin mata biyar da ke zaune a kan bencin nan, ana iya samun ɗaya. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da dalili a jiki, yana kuma warkewa. Ga yadda nake bi da su, mataki-mataki.

Abubuwan da za ki tanada

Na farko, kuma mafi girma, mutum ɗaya amintacce mai riƙe sirri: mahaifiyarki, yayarki, gwaggo, aminiya, ko mijinki idan mai saurare ne. Ɗaya ya isa a fara.

Sai ƙaramin littafi da biro. Idan rubutu na ba ki wahala, wayarki ta isa, ki riƙa naɗar muryarki. Idan babu waya, ki sami gwangwani biyu da ƙwayar wake, zan faɗa miki amfaninsu.

Ki haɗa katin awon cikinki da katin riga-kafin jariri wuri guda. Ki ajiye lambar wata ma'aikaciyar lafiya da kika saba da ita, da lambar wani mai adaidaita sahu ko mai mota da zai ɗaga waya ko da tsakar dare, da ɗan kuɗin mota da ba a taɓawa. Sai kofi mai murfi mai tsabta da ƙaramin kofin shayar da jariri, saboda tatsar nono.

1. Ƙirga kwanaki don ki san da me kike fama

Da zarar mabiyiya ta faɗo, sinadaran homon da suka riƙe ciki wata tara suna sauka ƙasa cikin kwanaki kaɗan. Ga zubar jini, ga ciwon jiki, ga rashin barci. Shi ya sa daga kwana na biyu ko na uku mata da yawa, fiye da rabi ma, suke samun kansu suna kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata musu rai, an jima kuma su ware. Wannan yana wucewa da kansa kafin mako biyu. Hutu da rarrashi kawai yake so.

Iyakar da nake so ki riƙe ita ce mako biyu. Idan an yi suna, an ƙara mako guda, kuma har yanzu kusan kullum zuciyarki a cunkushe take, to ki duba waɗannan: ba abin da ke miki daɗi, har abin da kike so da can, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin ke uwar banza ce, ba ki iya komai ba, kina jin jaririn kamar ɗan wata aka ba ki riƙo, gabanki yana yawan faɗuwa, kina ganin da ba ki a duniya da kowa ya huta. Idan da yawa daga cikinsu sun zauna miki, ciwon damuwa ne. Ba dole ya fara a makon farko ba, yana iya zuwa a wata na uku ko na shida, ko ina cikin shekarar farko. Wasu ma tun da ciki yake fara musu.

Ya fi kama wadda ta taɓa yin irinsa, da wadda ta sha wuyar naƙuda ko aka yi wa tiyata ba shiri, da wadda jaririnta ya koma ko yake kwance a asibiti, da wadda ke cikin rashin jituwa da miji ko kishiya, da wadda aka yi wa gorin haihuwar mace. Amma na ga ya kama matar da ba ta rasa komai ba, don haka kada ki tsaya neman laifin da kika yi.

2. Ki riƙa sa wa kowace rana alama

Kowane dare ki rubuta abu uku: awa nawa kika yi barci, sau nawa kika ci abinci, da yadda ranki yake daga 1 zuwa 5. Mai gwangwani kuwa, ranar da ta yi sauƙi ki jefa wake ɗaya a na dama, ranar da ta yi nauyi ki jefa a na hagu. Amfaninsa biyu ne. Wannan ciwo yana sa mutum ya manta ranakun sauƙi, ya ga kamar duk baƙi ne, to waken zai tuna miki. Kuma idan kin je asibiti kina da abin nunawa a hannu.

A asibitoci da dama akwai wata takardar tambayoyi goma da aka tsara a Edinbura ta ƙasar Sikotland a 1987, tana tambayar yadda kika ji a kwana bakwai da suka wuce. Makinta 30 ne, wadda ta kai 13 ko fiye tana buƙatar likita ya duba ta sosai. Ki tambaya ko suna da ita a karanta miki.

3. Faɗa wa mutum ɗaya

Nan ne mata suka fi maƙalewa, kuma na san dalili. An yi miki barka, an yanka rago, an kawo turamen atamfa, wasu shekara goma suna neman haihuwa ba su samu ba, ke kuma ki buɗe baki ki ce ba ki jin daɗi? Tsoron kada a ce ba ki da godiyar Allah shi ke rufe bakin yawancinsu. Ki sani godiya tana zuciya, ciwo kuma yana jiki, suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, kamar yadda mai zazzaɓi yake hamdala yana rawar sanyi.

Ki zaɓi lokacin da ba baƙi. Kada ki yi dogon bayani, ki ce kawai: "Yaya, tun da na haihu ba na jin daidai. Ba na barci, ina yawan kuka, yau ya fi mako biyu. Ina so ki raka ni asibiti." Ki roƙi abu takamaimai, domin mutane sun fi iya taimako idan an nuna musu inda za su kama.

Idan amsar da kika samu ita ce "ki yi haƙuri, kowace mace haka ta yi", kada ki ja da ita, kada kuma ki koma ki rufe bakinki. Ki nemi ta biyu. Idan duk gidan ba mai fahimta, ki jira ranar riga-kafi, a mako 6, ko 10, ko 14, ranar da ba mai hana ki fita, ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina son magana da ita ku biyu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba za ta kore ki ba.

Maigida kuma, sau da yawa ba mugunta ce ke sa shi nisa ba, bai san abin da zai yi ba ne, ga al'adar barin mai jego a hannun mata. Idan da hali ya zo asibiti tare da ke ya ji daga bakin likita. Na lura maganar da namiji ya ji da kunnensa a ofishin likita ta fi zama masa.

4. Nemo barcin awa huɗu a jere

Idan abu ɗaya kawai za ki iya yi a cikin wannan rubutu, to ki yi wannan. Barcin da ake yi guntu-guntu, minti arba'in a tashi, ba ya gyara ƙwaƙwalwa. Abin da muke nema awa huɗu zuwa biyar a jere, sau ɗaya a kowace rana.

Ga yadda ake tsara shi. Bayan sallar isha'i ki ba jariri nono ya ƙoshi, ɓangare biyun. Ki wanke hannu da sabulu, ki tatsa kaɗan a kofi mai murfi. Ki miƙa jaririn ga mai taya ki, ta tafi da shi wani ɗaki inda kukansa ba zai iso kunnenki ba. Idan ya farka ta ba shi wanda kika tatsa da ƙaramin kofi, a hankali, tana riƙe da shi a zaune. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a ɗaki, lokacin zafi kuwa a ba shi da wuri. Ke kuma ki ajiye waya nesa, ki kwanta daga ƙarfe tara zuwa ɗaya. Sauran daren naki ne.

Kuskuren da aka fi yi: a bar jaririn a ɗaki ɗaya da uwar, a ce "ki kwanta, ni zan duba shi". Uwa ba ta barci tana jin motsin ɗanta. Kuskure na biyu, a ba jariri ruwa ko ruwan zuma ko jiƙo don ya yi shiru. Kada a yi, nono kaɗai ya ishe shi har wata shida, zuma kuwa haɗari ce ga yaron da bai shekara ba.

Idan ba ki da mai kwana da ke, ki mai da barcin rana: bayan an gama wankan safe ki ba maƙwabciya ko wata babbar yarinya mai hankali shi daga hantsi zuwa azahar. Idan kuma kina da damar zuwa wankan gida wurin iyayenki, kuma can ne hankalinki ya fi kwanciya, ki tafi, ko da ba haihuwar fari ba ce. Wannan al'ada ta iyayenmu tana da hikima babba.

Idan an ɗauke jaririn, ɗaki ya yi tsit, amma dare biyu ko uku a jere idonki ƙyar, ki tsallake zuwa mataki na 8, kada ki jira.

5. Rage baƙi, ki ci, ki lura da wanka da kanwa

'Yan barka alheri ne, amma zama da su daga safe har dare yana cinye ƙarfin mai jego. Ki sa yayarki ko mahaifiyarki ta zama mai tsaron ƙofa, ta ce "ta ɗan kwanta", ta karɓi gaisuwar a madadinki. Ba wanda zai yi fushi.

Ki ci sau uku ko da ba ki jin yunwa: wake, ƙwai, hanta, kifi, zogale, alayyafo, kunun gyaɗa, da ruwa mai yawa. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki a awo, domin ƙarancin jini kansa yana kawo kasala da bugun zuciya.

Wankan jego da ruwan ɗumi yana warware gajiya, ban hana ba. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da ɗura kunun kanwa safe da yamma. Likitoci a Zariya sun daɗe da gano alaƙar waɗannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki. Na kawo shi nan ne domin alamunsa suna kama da na fargaba. Idan kina haki in kin kwanta sai kin tashi zaune, ko ƙafafunki sun kumbura, ko kina tari da dare, wannan maganar zuciya ce, a tafi asibiti a ranar.

6. Idan fargaba ta taso

Wasu matan ba baƙin ciki ne ya fi damunsu ba, tsoro ne. A haihuwata ta biyu ni kaina na yi makonni ina tashi sau goma a dare ina kara yatsa a hancin 'yata in ji ko tana numfashi, alhali ni ce mai koya wa wasu. Na san yadda ƙirji ke ɗaurewa, hannu ya yi sanyi, ki ji kamar yanzu za a zare ranki.

Idan ya taso, ki kwantar da jariri a wuri mai aminci, a rigingine. Ki zauna ki dafa cikinki. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi ta baki a hankali kina ƙirga shida. Fitarwar ce ta fi muhimmanci, ita ke saukar da bugun zuciya. Ki yi sau goma. Kina iya haɗawa da tasbihi a kowace fitarwa. Ki shafa ruwan sanyi a fuska. Yawanci cikin minti goma zuwa ashirin yake lafawa. Ki rage shayi mai kauri, da kofi, da goro, suna ƙara shi.

Akwai kuma abin da mata ba sa faɗa wa kowa: mugun tunanin da ke faɗo wa mutum ba shiri, kamar ki ga hoton jaririn ya suɓuce miki a rijiya, ko ki ga wuƙa gabanki ya faɗi. Uwaye da yawa suna samun wannan, kuma yadda yake tayar miki da hankali shi ke nuna ba nufinki ba ne. Kada ki yi kokawa da shi, ki ce a ranki "tunanin fargaba ne", ki ci gaba da abin da kike yi. Amma ki faɗa wa likita, yana da magani.

Idan kukan jariri ya kai ki maƙura har kika ji kamar ki jijjiga shi, ki ajiye shi, ki fita tsakar gida minti biyar. Kuka ba zai yi masa illa ba, jijjigawa kuwa tana iya lalata ƙwaƙwalwarsa.

7. Abu ɗaya ƙarami kowace rana

Ciwon yana cewa ki jira sai kin ji daɗi sannan ki motsa. Ki juya maganar: ki motsa kaɗan, daɗin zai biyo baya. Ki fito hantsi minti goma sha biyar. Ki yi kitso, ki sa lalle, ki kira ƙawa ɗaya. Ki ɗora jaririn a ƙirjinki fata da fata, ki yi masa magana ko da ba ki jin komai a zuciya. Shaƙuwa da ɗa ba dole ta sauko ranar haihuwa ba, wata sai a hankali take ginuwa.

8. Zuwa asibiti

Ki tafi idan alamun sun wuce mako biyu, ko sun hana ki kula da kanki da jariri. Ki fara da asibitin da ya fi kusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kada ki ce "ciwon kai" kawai a ba ki farasitamol ki dawo. Ki faɗi rashin barcin, da kukan, da tunanin, ki nuna littafinki. Ki roƙi a auna hawan jini, a duba yawan jininki, in da hali a gwada aikin halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, domin rikicewarta bayan haihuwa tana kawo irin waɗannan alamu.

Idan ciwon bai yi tsanani ba, zaman tattaunawa da ƙwararre yana wadatarwa. Idan ya yi nauyi za a haɗa da magani. Akwai irin su sataralin da likitoci ke ba mai shayarwa ba tare da an yaye jariri ba. Abu uku za ki riƙe: ba ya aiki nan take, sai mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kwanakin farko yana iya kawo ɗan tashin zuciya, kuma ba a dainawa da an ji sauƙi, ana ci gaba aƙalla wata shida, sannan likita ya rage shi a hankali. Yawancin waɗanda ciwon ya dawo musu a hannuna, yanke maganin suka yi da kansu.

Kada ki aika kemis a sayo miki maganin barci, ko taramol, ko maganin tari mai kodin. Suna bi ta nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi rauni, ke kuma su kama ki.

Idan aka tura ki gaba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A Nijar manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram suna duba irin wannan. Zuwa can ba ya nufin kin haukace, mafi yawan masu zuwa a ranar suke komawa gida.

9. Addu'a da magani tare

Lokacin jinin biƙi ba kya sallah, kuma mata da yawa suna jin kamar an yanke su daga abin da ke sanyaya musu zuciya. Zikiri da addu'a da sauraron karatun Alƙur'ani duk a buɗe suke gare ki. Ina yawan tuna wa masu jegona Nana Maryam: a cikin surarta, aya ta 23, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ta ce ina ma ta mutu kafin wannan. Ba a tsawata mata ba. An ce mata kada ta yi baƙin ciki, ta ci, ta sha, ta sanyaya ido.

Idan dangi suka ce iska ce ko sammu, suna son a yi ruƙiyya, ba sai an yi rigima ba, a yi addu'ar a kuma sha maganin asibiti. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ko ɗauri, ko turara hayaƙi a rufaffen ɗaki da jariri a ciki, ko a ce a ajiye maganin likita.

10. Alamun da ba a kwana da su

Wannan sashen ki karanta wa mai taya ki tun yau, domin idan abin ya zo, mai shi ba ta gane kanta. A cikin haihuwa 1,000 ana samun mace ɗaya ko biyu da hankalinta ke rikicewa, galibi a mako biyun farko. Za ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta riƙa surutu ba kai, ta ji muryoyi ko ta ga abin da ba wanda ke gani, ta ce an musanya mata jariri ko ana shirin kashe shi. Haka kuma duk wadda ta fara tunanin kashe kanta ko cutar da jaririn da niyya.

A nan ba jira. Kada a bar ta ita kaɗai ko da minti ɗaya, kada a bar ta da jariri ba wani babba a wurin, a kawar da wuƙaƙe, da magunguna, da fiya-fiya da sauran maganin ƙwari, a rufe rijiya. A kira mai motar nan a kai ta sashen gaggawa na babban asibiti a ranar, ko a kira 112 a Najeriya. Da magani ana warkewa sarai, uwa ta koma ta rungumi ɗanta.

Idan kin warke kuma Allah ya sake ba ki wani cikin, ki faɗa wa masu awo tun zuwan farko cewa kin taɓa yin wannan ciwo, domin yana iya dawowa. Ki shirya mai kwana da ke da tsarin barcinki tun cikin yana wata bakwai, ki kuma karɓi ranar da za ki koma a duba ki mako biyu bayan haihuwa.